Tebur Kafin Injina: Yadda Za Ka Kafa Ɗan Wajen Aikin Katako a Gida

Kantar farko da na taɓa yi, a kan kujerar roba na yanka katakonta. Na danne shi da gwiwa, zarto na tafiya, kujera na rawa, layin fensir yana gabas, bakin zarto yana yamma. Da na kafa ta a bango, duk abin da aka ɗora sai ya gangaro. Na ɗora wa zarton laifi na sayo wani, shi ma haka ya yi. Sai daga baya na gane ashe katakon ne ba shi da wurin zama. Komai ƙwarewar hannu, ba ya yanka daidai a kan abin da ke motsi.

Shi ya sa idan wani ya tambaye ni wane inji zai fara saya, nakan ce ya dakata tukuna. Abu uku ne ke raba aiki mai kyau da na kwaɓa: tebur mai nauyi wanda ba ya girgiza, ƙarfe mai kaifi, da awo na gaskiya. A nan za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, har mu haɗa teburin da hannunmu.

Wurin da za ka zauna

Ba sai kana da ɗaki guda ba. Gefen gareji, ko ƙarƙashin rumfa, ko kusurwar da ta kai mita 2 da mita 3, ta isa. Abin dubawa shi ne tsawon katako: yawancinsa yana zuwa ne a mita 2.4 ko fiye, don haka ka tabbata za ka iya shigo da shi ka juya shi ba tare da ka fasa taga ba. Ƙasa ta zama a daidaice kuma a bushe. Danshi yana sa ƙarfe tsatsa, yana kumbura katako, yana kuma gayyato gara. Katakon ajiya kada ya taɓa ƙasa. Ka sa masa guntaye a ƙarƙashi.

Haske ya fi kyau ya zo daga gefe, ba daga bayanka ba, don kada inuwarka ta rufe layin da kake bi. Iska kuma ta riƙa ratsawa. Wannan ba batun jin daɗi kawai ba ne. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta cikin hanci. Wanda ke aiki ranar hutu kaɗai ba ya shaƙar abin da ma'aikacin masana'anta ke shaƙa, amma takunkumi mai lamba FFP2 ko N95 ba shi da wuyar sawa. Ka sa shi duk lokacin da kake guga da sanfefa, ko kake yanka allon MDF, wanda garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse.

Idan za ka ja wuta zuwa wurin, ka sa mai aikin lantarki ya ɗaura maka na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai ƙarfin miliamfiya 30. Waya kuma kada ta kwanta a hanyar ƙafa.

Kayan da za ka fara da su

Tef ɗin awo na mita 5, sukwaya (ma'aunin kusurwa mai siffar L), fensir, da ƙaramar wuƙa mai kaifi ta yin alama. Zarton hannu mai haƙora 8 zuwa 10 a kowane inci. Cizal, wato ƙarfen sassaƙa mai kaifi a baki, guda uku, na milimita 6 da 12 da 25. Guduma. Filen, wato abin aske fuskar katako; mai lamba 4 ya wadatar. Injin huda mai batir da bakunansa. Lebur, mai kumfa a ciki da ke nuna ko abu ya karkace. Dutsen washi. Tabarau na kare ido. Sai kilam, abin matse katako, aƙalla huɗu, biyu daga ciki su kai santimita 60. Babu kafintan da ya taɓa cewa kilam sun yi masa yawa.

A kan sukwaya kada ka yi rowa, domin arha ba ta ado, kuma sukwaya mai ƙarya za ta shiga cikin kowane aikin da ka yi. Gwajinta ba wuya. Nemi allo mai miƙaƙƙen baki, ka jingina ta ka ja layi, sannan ka kifa ta ta ɗaya ɓangaren ka sake ja a wuri guda. Idan layukan sun hau kan juna, ta yi. Idan sun buɗe kamar almakashi, mayar da ita. Shi kuwa filen, tsohon da aka yi amfani da shi yakan fi sabo mai arha, muddin gindinsa bai tsage ba. Tsatsa ba komai ba ce, sanfefa za ta cire ta.

Wani ɗan abu da ke ɓata wa mutane rai: sukuru masu kan gicciye iri biyu ne, Phillips da Pozidriv. Sun yi kama, amma na Pozidriv yana da ƙarin siraran layuka huɗu a tsakanin gicciyen. Idan ka sa wa ɗaya bakin ɗaya, zai riƙa zamewa har ya cinye kan sukurun, ka rasa yadda za ka yi da shi, bai shiga ba bai fita ba.

Washi

Sabon cizal ba shi da kaifi. A masana'anta sun ba shi siffa ne kawai, saura aikinka. Mutane da yawa sun bar aikin katako suna cewa ba su da hannu, alhali da dakusasshen ƙarfe suke kokawa. Kuma dakusasshe ya fi hatsari, saboda sai ka sa ƙarfi, kuma inda aka sa ƙarfi nan ake zamewa.

Kaifi yana samuwa ne inda fuska biyu masu santsi suka haɗu, don haka ka fara da bayan ƙarfen. Kwantar da shi ɗamɓas a kan dutse mai lamba 1000, ka yi ta gugawa har santimita biyu na wajen baki su yi ƙyalli iri ɗaya. Sau ɗaya ake wannan wahalar a rayuwar cizal. Daga nan ka juya gangaren bakin. Yawanci yana zuwa a digiri 25. Ka aza shi a dutsen har ka ji ya zauna, ka ɗan ɗaga hannu kaɗan ya kai wajen digiri 30, ka kulle wuyan hannunka, ka riƙa ja da turawa da jikinka gaba ɗaya. Bayan gugawa kamar goma sha biyar, shafa yatsa a bayan ƙarfen daga sama zuwa baki, ba a kan kaifin ba. Za ka ji wani siririn gashin ƙarfe ya tanƙwaro. Wannan gashin shi ne shaidarka. In bai fito daga wannan gefe zuwa wancan ba, ba ka kai baki ba tukuna, ci gaba. In ya fito, koma dutse mai laushi, lamba 4000 ko 6000, ka maimaita, sannan ka kwantar da bayan ka ɗan shafa sau biyu uku gashin ya faɗi.

Wanda ba shi da dutse zai iya manna sanfefar ruwa a kan gilashi mai kauri, ya bi lambobinta daga 400 zuwa 2000. Gwaji kuma, bar askin gashin hannu da ake yi don burgewa. Ɗauki guntun katako mai laushi ka aske bakinsa, inda jijiyar ta yanke. Idan ya fitar da siririn ɓawo ya bar wuri sumul, ƙarfen ya yi. Idan ya marmashe, koma dutse. Kuma ko da yaushe hannuwanka biyu su kasance a bayan bakin cizal. Katakon kilam ne zai riƙe shi, ba tafin hannunka ba.

Sanin katako

Ka ɗauki katako kamar tsintsiya: tarin siraran jijiyoyi ne a jere, an ɗaure su tare. Daga wannan hoton kusan komai yake fitowa. Tsaga shi a tsaye yana da sauƙi, karya shi a gicciye yana da wuya. Bakinsa yana zuƙe ruwa da gam kamar bakin tsintsiya, shi ya sa gam ba ya riƙe baki da kyau, sukuru ma da aka ɗaura ta baki ba ta da ƙarfin wadda ta ratsa jijiya.

Sannan katako ba ya daina motsi. Ɗanyen icce yana ɗauke da ruwa mai yawa, kuma ba ya fara tsukewa sai ruwan ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100. Daga nan har ya bushe yakan ragu a faɗi da kashi 4 zuwa 10 gwargwadon irinsa da yadda aka tsaga shi, amma a tsawo kusan ba ya canzawa. Ko bayan ya bushe, da damina ya kumbura, da rani ya tsuke. Abin da ke sa ƙofa ta ƙi rufuwa a wani lokaci na shekara, ta koma daidai a wani, ke nan. Katakon kayan ɗaki ana so ruwansa ya kasance tsakanin kashi 6 zuwa 12, gwargwadon yanayin wurin. Masu busarwa a iska suna lissafin kusan shekara guda ga kowane inci na kauri.

Wajen zaɓe, ɗaga kowane guda ka kai bakinsa kusa da idonka, ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga. Wanda ya ɗan lanƙwasa za a iya yanka shi gajeru a ci moriyarsa. Wanda ya murɗe, bar shi. Bar wanda ya fi 'yan'uwansa nauyi ko yake da sanyi a hannu, ruwa ne a cikinsa. Bar mai babban ido (gurbin da reshe ya fito) a baki, da wanda tsakiyar iccen ta fito a jikinsa, domin daga nan tsagewa ke farawa. Da ka kawo gida, jera su a kwance, da siraran sanduna a tsakani don iska ta ratsa, su yi mako ɗaya ko biyu a wurin da za a yi aikin. Na san zumuɗi ba ya son jin wannan. Amma gara katakon ya gama murɗewarsa kafin ya zama ƙafar tebur.

Filawud ba ya wannan motsin sosai, saboda siraran fallaye ne aka jera, jijiyar kowane tana gicciye da ta na ƙasansa. Dalilin da za mu yi saman tebur da shi ke nan.

Awon teburin

Tsawo santimita 120, faɗi 60, tsayi 88. Tsayin ka daidaita shi da jikinka: tsaya a miƙe ka saki hannu, inda wuyan hannunka ya tsaya, nan ne kusan daidai. Teburin da ya yi tsayi yana hana ka ɗora nauyin jikinka a kan filen, wanda ya yi ƙasa kuma bayanka ne zai biya.

Za ka bukaci filawud guda mai kaurin milimita 18. Girmansa santimita 122 da 244 ne, don haka yana ba da guda huɗu na 120 da 60: biyu a haɗa su zama sama, ɗaya kantar ƙasa, ɗaya allon rataye kaya. Kusan babu asara. Idan masu sayarwa suna da injin yanka, sa su raba maka a can. Sai tu-bai-fo, wato katakon da ake kira inci 2 da inci 4, guda bakwai masu tsawon mita 2.4, shida za su isa, na bakwai na kuskure ne. Tu-bai-fo suna ne kawai. Wanda aka aske a inji yakan zo milimita 38 da 89, wanda ba a aske ba ya fi haka. Lissafin da ke ƙasa na 38 da 89 ne, saboda haka auna naka ka gyara.

Ga abin da za a yanka: dogayen ƙafafu huɗu na santimita 84.4, guntaye huɗu na 51.6, ƙananan guntaye huɗu na 15, dogayen sanduna huɗu na 110, gajerun sanduna biyar na 42.4. Sai gam fari na katako, da sukuru na milimita 30, 50, 65 da 80.

Yanka

Auna da tef guda daga farko har ƙarshe, domin tef biyu kan saɓa da milimita ɗaya ko biyu. Ja layi da sukwaya ka zagaye fuskokin katakon huɗu. In ƙarshen layin ya haɗu da farkonsa, ka san kana daidai. Sa alamar gicciye a ɓangaren da za a yar. Zarto yana cin hanyarsa, milimita ɗaya zuwa uku, don haka a gefen da za a yar ake yanka, a bar layin a jikin aiki. Wannan ne ya sa ba a zana duka awon a jere a kan katako guda sannan a yanka. Kowane zai fito da ɗan gibi. Zana ɗaya, yanka, sannan ka zana na gaba. Ga guntayen da tsawonsu ɗaya ne, ka yanka na farko da kyau ka mayar da shi ma'auni.

Tunda ba ka da tebur tukuna, matse katakon da kilam a kan benci ko akwati mai nauyi. Miƙe ɗan yatsanka manuni a gefen mariƙin zarto. Fara da ja baya sau biyu uku a hankali, babban yatsan ɗaya hannun yana tokare da gefen ƙarfen sama da haƙora, har hanya ta buɗe. Daga nan ka saki hannu. Kada ka danna, nauyin zarton ya isa. Yi amfani da tsawonsa duka, gwiwar hannu da kafaɗa da zarto su zama a layi ɗaya. Zartunan Japan a ja suke ci, na Turai a turi, ka duba naka. Dab da ƙarshe, tallafi guntun da zai faɗi, in ba haka ba zai ɓalle ya yage maka kusurwa.

In da zarton lantarki za ka yanka, ka sa tabarau da abin toshe kunne, domin ƙararsa ta wuce desibel 85 da kunne ke iya jurewa na dogon lokaci. Kada ka sa safar hannu ko riga mai sakakken hannu kusa da duk abin da ke juyawa. Cire fulogi ko batir kafin ka taɓa haƙoransa. Guntun da za a yar kuma ya samu damar faɗuwa. Idan ka tallafi katakon ta gefe biyu ka yanka a tsakiya, zai matse ƙarfen, zarton ya yi tsalle ya dawo kanka.

Haɗa ƙafafu

Dabarar teburin nan a ƙafafu take. Kafintoci suna sassaƙa gurbi a ƙafa don sanda ta zauna a ciki, nauyi ya sauka a kan katako ba a kan sukuru ba. Mu za mu samu gurbin ba tare da sassaƙa ba, ta hanyar manna guntaye a jikin doguwar ƙafa mu bar gibi.

Kwantar da ƙafa ta 84.4. A ƙasanta, manna guntun 15 da gam da sukuru biyu na 65, bakinsu ya yi daidai. A samansa aza guntun tu-bai-fo a gicciye, ba gam, don ya tsare gurbi. Kada ka auna gurbin da tef, katakon da zai zauna a ciki shi ne ma'auni mafi gaskiya. Matso da guntun 51.6 ya tokare shi sosai, manna da gam da sukuru huɗu, sannan ka zare na gicciyen. Abin da ya rage a sama, santimita 8.9, shi ne gurbin sandar sama. Haka za ka yi wa duka huɗun.

Gam siriri ake shafawa ya rufe fuskar duka. Idan an matse, 'yan ɗigo su fito a gefe. In ya yi ta zuba ya yi yawa, in babu ko ɗigo ya yi kaɗan. Farin gam yana son matsi na rabin awa zuwa awa guda, amma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24. Kowace sukuru kuma a huda mata hanya, musamman kusa da baki. A katakon sama ramin ya kai kaurin sukurun don ta wuce sakayau, a na ƙasa ya fi ta siranta don zarenta ya kama. Idan zaren ya kama duka biyun, maimakon ya ja su su haɗu sai ya bar gibi a tsakani.

Tayar da shi

Kwantar da ƙafa biyu a ƙasa, gurabensu suna kallon sama, ka shafa musu gam, ka zaunar da dogayen sanduna biyu a ciki, bakinsu daidai da gefen ƙafafun na waje. Kafin ka ɗaura, sa sukuru ɗaya tak a kowace mahaɗa, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke gicciye da ita, ka sake auna ɗaya gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, kusurwoyinka sun miƙe. In ɗaya ya fi, tura doguwar kusurwar ciki har su daidaita, sannan ka ƙara sauran sukuru, uku a kowace mahaɗa. Wata hanyar ita ce tsohon lissafin 3 da 4 da 5: auna santimita 30 a gefe guda, 40 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya zama 50 cif. Yi hanzari, gam ba ya ba da fiye da minti goma kafin ya fara kamawa. Shi ya sa nake haɗa komai a bushe tukuna, in ga inda zai ba ni wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan ka gama fuskar gaba da ta baya, tsayar da su, sandunan suna kallon waje, ka nemi wanda zai riƙe maka. Gajerun sandunan 42.4 suna shiga tsakanin sandar gaba da ta baya, a jingine da gefen ƙafafu na ciki, biyu sama biyu ƙasa. Ɗaura su a jikin ƙafa da sukuru na 80, ka ƙara biyu daga waje ta cikin doguwar sanda. Ta biyar ta zauna a tsakiya daga sama. Sake auna gicciye ta sama. Ka yi wannan a wuri mafi daidaito da kake da shi, domin tebur yana ɗaukar karkatar ƙasar da aka haɗa shi a kai.

Yanzu sama. Aza fallen filawud na farko, ya zarce da santimita 5 ta kowane gefe; nan kilam zai riƙa kamawa. Ɗaura shi daga sama da sukuru na 50, kawunansu su nutse. Shafa gam a fuskarsa duka, aza na biyu, matse gefuna, ka ɗora duk wani abu mai nauyi a tsakiya, sannan ka shiga ƙarƙashi ka ɗaura sukuru na 30 zuwa sama, tazarar kamar santimita 20. Ta haka babu ƙarfe ko ɗaya a fuskar teburin da zai fasa maka bakin cizal. Falle na uku ka rage shi zuwa 110 da 50, ka yanke kusurwoyinsa su zagaye ƙafafu, ya zauna a kan sandunan ƙasa.

Tura teburin ta tsawo da ƙarfi. In ya yi ɗan rangaji, ɗaura katako a karkace ta baya, daga saman wannan ƙafa zuwa ƙasan waccan. In kuma yana ja a ƙasa lokacin da kake aski, nauyi ne bai isa ba. Buhun yashi a kantar ƙasa ya gama magana. Kafintocin Faransa na ƙarni na 18, irin su André-Jacob Roubo, da dunƙulallen katako mai kaurin kusan inci biyar ko shida suke saman teburinsu don wannan dalilin. Namu ba zai kai can ba, amma yashi ba ya tambayar asali.

Bayis, wato abin matse katako da ake ɗaurawa a jikin tebur, za ta iya jira. Siririn katako da aka ɗaura a gicciye kusa da ƙarshen tebur, don allo ya tokare shi lokacin aski, tare da kilam biyu, za su kai ka nesa.

Guga da shafe

Teburin aiki ba ya son santsi, don haka guga kaɗan da sanfefa mai lamba 120 ya ishe shi, a kashe kaifin gefuna kawai. Ga kayan ɗaki kuwa ana bi a jere: 80, 120, 180, sannan 220, kullum a bi jijiya, kada a tsallake lamba, domin kowace tana share ƙarzunan wadda ta gabace ta. Duk gam ɗin da ya bushe a fuska a kankare shi, in ba haka ba mai ba zai shiga wurin ba, tabo zai fito.

Shafa man linsid, wato man da ake shafa wa katako don kare shi, sau ɗaya ko biyu, ya yi minti goma sha biyar, ka goge rarar tas. A nan akwai abin da ba a wasa da shi. Man linsid yana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iska, kuma haɗuwar tana fitar da zafi. Tsumman da aka jiƙa da shi, in aka dunƙule aka jefa a kwandon shara, zai iya kamawa da wuta shi kaɗai cikin 'yan awoyi, ba ashana ba komai. Shanya shi a buɗe a waje har ya ƙandare, ko ka nutsar da shi a gwangwanin ruwa. Haka nan guntayen katakon da aka dafa da maganin gara, masu ɗan launin kore, ba a ƙona su.

Allon kaya a bango

Fallen da ya rage shi za mu rataye a saman teburin. Hanyar da na fi so ita ce a tsaga katako guda ta tsawo a kan digiri 45. Rabi a ɗaura a bango, gangarensa yana kallon sama da bango. Rabi a bayan allon, gangarensa yana kallon ƙasa. Sai ɗaya ya zauna cikin ɗaya, nauyi ya ƙara kulle su, kuma duk ranar da ka so ka ɗaga ka sauke.

Kafin ka huda bango, dubi inda soket da makunnin wuta suke. Wayoyi kan bi a miƙe ne daga gare su, sama ko ƙasa ko gefe, don haka kada ka huda a kan waɗannan layuka, ko kusa da inda bututun ruwa zai bi. A bangon bulo ko siminti, yi amfani da bakin huda na kankare, ka sa fisha, robar nan da sukuru ke buɗawa a cikin rami. Bakin milimita 8 da fisha ta 8, kuma ramin ya ɗan fi ta zurfi. Naɗa salatif a jikin bakin a daidai zurfin da kake so. Idan bangon na allo ne mai rami a ciki, nemo ginshiƙan da ke bayansa ka ɗaura a jikinsu. Huda rami ɗaya tukuna, ɗaura katakon sako-sako, aza lebur a kai har kumfar ta tsaya a tsakiya, sannan ka yi alamar sauran ta cikin ramukan katakon.

Kada ka yi saurin kafa ƙusoshi a allon. Yi aiki a teburin na mako biyu ka ga abin da hannunka ya fi nema. Sukwaya da tef da fensir su zauna daidai ƙirji, ta ɓangaren hannun da kake aiki da shi. Cizal su shiga ramukan da aka huda a ɗan katako, bakinsu ƙasa, inda yara ba za su kai ba. Filen a kan kanta, bayan an shafa wa gindinsa ɗan kakin kyandir. Idan kowane ya samu wurinsa, zagaye siffarsa da alƙalami a jikin allon, yadda da ka ɗaga kai da yamma za ka ga wanda bai dawo ba.